Jan Fenti a Bangon Gidanmu

Gidan hayar da na tashi a cikinsa a Agege, wani attajirin goro ne ya gina shi tun zamanin Turawa, shaguna a gaba, ɗakuna a baya. Jikan da ya gaje shi bai taɓa buga masa ko ƙusa ba. In mun ce rufi na yoyo, sai ya ce gidan tarihi ne.

Amma ranar da ma'aikatan gwamnati suka shafa wa bangon waje jan fenti, alamar rusau, kafin la'asar ya fente bangon fari tas. Sau uku ana haka. A zuwansu na huɗu mahaifiyata ta tare su a ƙofa.

Ta ce, "'Ya'yana, don Allah ku shigo ku shafa mana a ɗaki."