Ni Ce Kunnen Baba

Bayan na gama sakandare, aikin farko da na samu shi ne taka ƙafar mahaifina. Ba wasa nake ba.

Baba mai gyaran agogo ne a unguwar Durumi, a Abuja, teburinsa na cikin wata rumfar kwano, jikin shagon mai cajin waya. Abin da mutanen unguwa ke kawo masa bai wuce canjin batir ba, aikin da ni ma na iya tun ina firamare. Mutum ɗaya ne ke kawo abin da Baba ke kira aiki, wani Alhaji daga Maitama, tsohon ma'aikacin gwamnati, wanda Allah ya jarrabe shi da tara tsofaffin agogunan hannu masu ƙararrawa.

Irin waɗanda ba ruwansu da batir. Da yatsa ake murza su a yi musu wani, in lokaci ya yi wata 'yar guduma a ciki ta dinga dukan bayan agogon, kirrr, kamar gyare ya faɗa gwangwani. Alhaji na da su akwati guda, kowanne kwance a kan audugarsa. Mutumin da ya yi ritaya fa, babu ofishin da ke jiransa. Na taɓa tambayar direbansa, wani ɗan Filato, wanne ne a cikinsu ke tashin oga da safe. Ya ce, "Madam ne yake tashe shi."

To, kunnen Baba ya fara tafiya. A gida mun sani, a waje ba wanda ya sani. Shi kuwa Alhaji sauti yake kawowa a gyara masa, sai ka ji ya ce, "Malam, wannan muryarsa ta dushe." Baba ya tabbata ranar da Alhaji ya gano, akwatin nan Legas zai nufa, shi kuma ya ƙare rayuwarsa a canjin batir. Shi ya sa ya ɗauke ni aiki. Ina zaune gefensa kamar mai miƙa kayan aiki, ƙararrawa na farawa in taka ƙafarsa a ƙarƙashin tebur, tana tsayawa in ɗaga. In sautin ya yi kaushi, in taka sau biyu. Baba ya karkata kai, ya lumshe ido, ya gyaɗa kai a hankali kamar alƙalin musabaƙa. Alhaji ma ya gyaɗa nasa.

Kusan shekara muka yi a haka.

Wata Asabar Alhaji ya zo da agogon mahaifinsa, wanda ya fi ji da shi. Ni kuma ranar ake kamun wata ƙawata a Karshi, na ci kwalliyata tun safe, ƙawaye na jirana a tasha. An gwada ƙararrawa sau biyar, Alhaji yana cewa a sake. Aka sake yi mata wani, aka kwantar da agogon a kan ƙyalle. Daidai nan saƙo ya shigo wayata, wai mota ta kusa cika. Na janye ƙafa, na duƙufa ina ba su amsa.

Agogo ya yi kirrr ɗinsa har ya gaji. Da na ɗago, Baba na nan da kai a karkace, yana jiran ƙafata. Abin da ban zata ba, Alhaji ma na nan da kai a karkace, ya zuba wa fuskar Baba ido.

Baba ya ce, "Ranka ya daɗe, bai yi ba."

"Ai na gaya maka, Malam, wani lokacin ƙi yake."

Direba ya juya baya yana danne dariya, kafaɗunsa na rawa. Sai a lokacin na gane abin da muke ciki. Alhaji gyaɗa kan Baba yake saurare, Baba kuma ƙafata. Duk wannan ilimin na muryar agogo, a silifas ɗina yake.

Mai hankali shiru za ta yi. Ni kuwa na ga Baba ya ɗauki sukudireba zai buɗe lafiyayyen agogo, aikin awa biyu.

Na ce, "Baba, ya yi! Wallahi ya yi ya gama, har mai caji ya leƙo!"

Da ƙarfi na faɗa, don da ƙarfi ake yi wa Baba magana. Su duka biyun suka ji.

Baba bai dube ni ba. Ya ajiye sukudireban. Ya yi wa agogon wani, ya goge shi da gefen rigarsa, ya sa gefensa tsakanin haƙoransa ya cije a hankali. Ban taɓa ganin ya yi haka ba. Ƙararrawa ta tashi, ya rufe ido har ta tsaya.

Ya ce, "Gudumar ta ɗan saki, tana duka biyu-biyu. Kunnena ya yi nisa, Alhaji, amma ta nan ina ji. In kana so ka kai wani wurin, ba zan ga laifinka ba."

Alhaji ya dubi agogon. Can ya ce, "Ana ji ta nan?"

"Tsaf."

"Yi masa wani ka ba ni."

Da idona na ga dattijon nan, da babbar rigarsa da hularsa, a bakin titin Durumi, ya ciji agogon ubansa. Yana farawa idanunsa suka kawo ruwa. Ya cire ya ce, "Shi ne. Rabona da jin wannan tun ina aiki." Ya bar agogon a gyara, ya kuma tura direba ya ɗauko wasu biyu daga mota.

Da suka tafi na tsaya ina jiran faɗa. Baba ya maƙala gilashinsa a ido, ya sunkuya kan aikinsa.

Ya ce, "Ke, daga Litinin ki nemi wani aikin. Dama nauyin ƙafa gare ki."