Baffa Sule da Dangin Naman Kaza

Ku da kuka san Baffa Sule, ƙanin mahaifina, kun san da damina ba a ganin fuskarsa, sai dai ƙeyarsa. Da zarar marka ta kankama, kowa a ƙauyenmu na gefen Kademi ya saɓi fartanya ya nufi gona, shi kuwa sai ya sunkuya kamar wanda allura ta faɗi masa, ya nufi ɗan kurmin da ke ƙarshen gonarmu, inda tsofaffin itatuwan kawo suke. In ya ga naman kaza ya ɓullo, sai ya tsuguna ya yi masa sannu da zuwa, ya tsinke shi, ya kai kusa da kunne, sannan ya karya. Sauraro yake yi! Mutum da gemunsa fari fat, yana sauraron naman kaza.

Sunan mahaifiyarsu aka sa mini, saboda haka bai taɓa kiran sunana ba, sai dai Uwata. Ni kuwa na riƙe matsayin da hannu biyu. Duk gidan ni kaɗai ke iya yi masa faɗa, kuma na yi, Allah ya yafe mini, har na ƙoshi.

A wurinmu abin nan iri biyu ne kawai, naman kaza da laimar kwaɗi, kuma a garinmu ba a cin ko ɗaya, ƙyamarsu ma ake yi. A wurin Baffa kuwa gidaje ne, kowa da asalinsa. Akwai 'yan gidan suri, masu fitowa inda gara ta yi gini, da doguwar jela a cikin ƙasa; in ka yage su sai su yi zare-zare kamar ƙirjin kaza. Akwai 'yan juji, masu fitowa a kan kashin shanu, waɗanda ya ce ba su da tarbiyya, ko kallon arziki ba ya yi musu. Sannan ga 'yan lelensa, Gidan Alli, waɗanda ba sa fitowa ko'ina sai a gindin kawo. Ya ce shaidar gidan ita ce karyewa: ka lanƙwasa ƙafar, ba za ta yi zare ba, sai dai ta ce ƙas, kamar allin masu kaɗi. Gidan kuma ɗaki biyu ne. Ɗaki ɗaya na masu jar hula da rawaya, jikinsu a bushe. Ɗaya ɗakin na masu nono, da ka yanka sai farin ruwa ya tsattsafo. Yakan kifa su ya nuna maka layi-layin da ke ƙarƙashin hular, ya ce tsagar gidansu ke nan, yadda ake gane asalin mutum a kumatunsa.

To, kurmin nan rabon Baffa ne tun rasuwar kakanmu, amma gandu ɗaya suke noma da Baba, kuma Baba ne babba. Baffa bai haihu ba, matarsa ta riga shi tun da ƙuruciya. Lokacin kuwa gyaɗa ce sarauniya, kowa na neman inda zai ƙara kunya ɗaya. Baba ya dubi ƙasa mai kyau tana kwance a ƙarƙashin itatuwa, ya ga asara. Tun daga nan har Baffa ya bar duniya, maganar ɗaya ce a gidanmu: a sare kawon nan, ko a bar shi.

Wata shekara yana tonon gindin kawo da tsinke, sai ya ci karo da wani abu a cikin ƙasa, dunƙulalle kamar rizga, ba hula ba ƙafa. Ya yanka gefensa, nono ya fito. Ya ɓalle ɗan guntu, ya ji ƙas. Ranar Juma'a ce, an sauko daga masallaci, dattawa na zaune a ƙofar gidan Liman. Sai ga Baffa a guje, gwiwoyinsa duk laka, ya ajiye abin a kan tabarmar Liman, ya ce jama'a su shaida, ya gano 'yar Gidan Alli da ba a taɓa gani ba. Aka ce masa ai wannan ko kama da su ba ta yi, ina hular, ina ƙafar? Ya ce kama ba ita ce asali ba, ga nonon, ga karyewar. Aure ta yi tana kulle, shi ya sa ba ta fitowa waje kamar 'yan uwanta.

Liman mutum ne mai sanyin magana. Ya dubi abin, ya dubi Baffa, ya ce, "To Sule, in matar aure ce, da izinin wa ka fito da ita bainar jama'a?"

Baffa ya ce, "Gaskiyarka, Malam."

Ya cire hularsa ya rufe ta, ya ɗauka da hannu biyu, ya koma kurmi kai ba hula, ya mayar da ita raminta. Da labarin ya iso gida na tare shi a zaure, na ce ya mai da mu abin dariya a gari. Ya ce ni ba zan gane ba, ban taɓa aurar da 'ya ba.

Shekarar da ta biyo baya Baba ya ce ya gaji. Da bazara ya kira gayya a zo a sare kurmin. A lokacin mijina ya rasu, na dawo gida da 'ya'yana, don haka girkin gayyar a kaina ya faɗa: tuwon dawa da miyar kuka, na maza kusan ashirin. Abin da ya kamata ya ba ni tsoro shi ne Baffa bai ce uffan ba. Har gatari ya taya Baba wasawa.

Mutane suka zo da gatura da adduna, makaɗi na zuga su, suka fara da ƙananan sabara na gefe. Hantsi ya yi, muka kai tuwo, aka zauna a inuwa za a ci kafin a shiga manyan itatuwa. An wanke hannu, an yi bisimilla, wasu har sun kai loma baki. Sai ga Baffa ya ɓullo daga bayan wani kawo, ya rataya busasshen naman kaza a wuya, a shirye a zare kamar carbi. Ya leƙa tukunyar miya, ya ɗaga murya yadda kowa zai ji:

"Uwata, wanda na ba ki ɗazu ya isa, ko in ƙara?"

Wallahi ko ƙwaya ban sa ba. Na rantse, na sake rantsewa, amma duk rantsuwar da na ƙara, sai wani ya zare hannu daga akushi. Wannan ya tuna akuyarsa na naƙuda. Wancan ya ce dama azumin nafila yake yi, mantawa ya yi. Makaɗi ma ya rataya gangarsa ya ce ana jiransa a Balan. Kun san gayya ba ta tsayawa in ba ci. Kafin azahar ba kowa a gonar, sai ni da Baba da dutsen tuwo.

Baba bai ƙara yi masa magana ba sai da aka yi girbi. Ni kuwa na hukunta shi da hannuna: kwana uku ɗumamen tuwon gayya yake ci, safe da rana. A rana ta uku ya suɗe hannu, ya ce tuwon ba laifi, amma miyar da saura, da na karɓi abin nan da ya yi mini tayi.

Sai bayan sun shirya ya faɗa wa Baba dalilinsa, a gabana. Ya ce ya taɓa kwasar ƙasar gindin kawo a kwando ya zuba a bayan ɗakinsa, ya yi ta ba ta ruwa damina biyu, ko ɗaya bai fito ba. Ya ce a Toranke akwai wani kurmi irin namu da yakan taka da ƙafa ya je gani; mai wurin ya sare itatuwan, daga shekarar nan Gidan Alli suka ƙaura, ba su dawo ba. Itacen da su abu ɗaya ne a ƙarƙashin ƙasa, ka kashe uba ka kashe 'ya'ya. Baba ya ce shi dai bai taɓa jin an ciyar da iyali da 'ya'yan kawo ba. Amma bai sake kiran gayya ba.

Ni na haura arba'in kafin na riƙe fensir. Da aka buɗe ajin yaƙi da jahilci na mata a gidan dagaci, na shiga, duk da matan gari na cewa tsohuwa za ta koyi abin da jikokinta suka fi ta. Na ce su ci gaba da dangwala yatsa a takardar da ba su san me ke ciki ba. Baffa ya ji ana rubutu da alli, ya zo har ƙofa ya roƙi malamarmu ta ba shi ya gani. Ta miƙa masa. Ya kai kunne, ƙas. Ya ce a ba shi ɗayan don ya tabbatar. Guda biyu ke gare ta duk duniya! Ranar da guntaye muka yi karatu, ni kuma na sha kunya.

Daga baya ya sa ni rubuta masa gidajen nan a littafina, ɗaki-ɗaki, da kamannin kowa. Shafin farko da na taɓa cikawa da hannuna ba wasiƙa ba ce, ba addu'a ba ce, masu nono ne. Shi bai iya boko ba, don haka yakan sa in karanta masa yau, ya bari sai bayan mako ya ce in sake, yana jira takardar ta canja magana. Da ya ga ba ta canjawa, ya ce lallai ta fi mutanen garin nan.

Aka shiga shekarun fari, aka sha wuya, aka fita. Baba ya rasu, gandu ya watse. Baffa ya fara tsufa sosai. Yayana Garba ya riga ya yi magana da masu yankan katako daga Gaya, bai ma ɓoye ba. Ba mugu ba ne, bakuna ne da yawa a gidansa, kuma shari'a na bayansa: in Baffa ya rasu, 'ya'yan ɗan'uwansa maza ne magada, ni 'ya mace ba ni da ko taki ɗaya. Baffa ya je wurin Liman ya yi tambaya. Liman ya ce in kyauta zai yi, ya yi ta yanzu da lafiyarsa, a gaban shaidu, wanda aka ba kuma ya karɓa a hannu. Baffa ya dawo ya sanar cewa filin nomansa na magada ne, bai taɓa shi ba, amma kurmi zai ba wanda ya san mutanen cikinsa, namiji ko mace. Za a yi gwaji da marka.

Yaya Garba ya ɗau abin da gaske. Mako biyu yana bin Baffa a sunkuye, har ƙugunsa ya riƙe.

Ranar gwajin aka taru a gindin kawo, da Liman da dattawa biyu. Baffa ya kawo faifai da naman kaza uku a kai. Ni da Garba ne muka shiga gwajin. Aka tura ni nesa, Garba ya fara. Daga baya aka gaya mini bai yi wata-wata ba: na farko mai nono, na biyu ɗan suri, na uku kuma, wani fari tas, dogo, kyakkyawa, ya ce ƙanin ɗan suri ne, a soya shi da man gyaɗa.

Aka kira ni. Na karya na farko, na ga nono, na faɗa. Na yage na biyu, na ga zare, na faɗa. Na ɗauki na uku, na juya shi, na shinshina, na duba gindinsa, na tuna duk abin da ke littafina. Babu shi. Na san kurmin ya tafi ke nan. Na ajiye shi, na ce, "Wannan ban san shi ba, Baffa. Kuma ba zan yi maka ƙarya a gaban Liman ba."

Garba ya yi murmushi, ya fara gyara hula.

Baffa ya ce, "Ni ma ban san shi ba. Tun ina saurayi nake ganinsa, ban gano gidansu ba, shi ya sa bai taɓa shiga tukunyata ba. Garba, da kai na bar wa wurin nan, da man gyaɗa za ka kashe mana mutum."

Liman ya rufe baki da gefen rawani, kafaɗunsa na rawa. Garba ya ce ai ba adalci a tambayi mutum abin da mai tambayar ma bai sani ba. Baffa ya ce to ai amsar ke nan, shi ne bai ba da ita ba.

A ranar ya zagaya da ni iyakar kurmin yana dogara sanda, shaidu na biye, ya sa na dafa kowane kawo da hannuna. Ni na rubuta takardar kyautar da karkataccen rubutuna, Liman ya sa hannu da ajami. Garba bai gaishe ni ba har wata biyu. Amma da Baffa ya kwanta ciwo bayan kaka, shi ne ya yi ta jinyarsa, shi ya juya shi, shi ya yi masa wanka da ya cika.

Masu katako sun zo mini sau biyu bayan haka. Na farko na yi musu magana da baki, na biyu na fito da muciya. Ba su yi na uku ba. Kawon na nan tsaye, wanda bai yarda ba ya zo in kai shi. Farin naman kazan nan kuwa har yanzu yana fitowa duk marka, na bar masa shafi guda a littafin, ba komai a kai.

Allah ya jiƙan Baffa Sule, ya yafe masa tuwon mutum ashirin da ya sa aka yi asara, ya yafe mini faɗan da na yi masa. Bai bar ɗa ba, ya bar inuwa. Allah ya sa kabarinsa ya fi ta sanyi. Amin.