Man shanu a fiffiken jirgi

Shekarata ta farko ce a biron Gure, ofishin kwamanda, bayan na gama lakwal, makarantar boko, shekara biyu ko uku kafin babban yaƙi, ban riƙe daidai ba. Wani ƙaramin jirgin sama ya sauka don ya kai lokotoronmu, wato likita, Damagaram, zazzaɓi ya kayar da shi. Kwamanda ya ce jirgin yana wuyana har la'asar, ya haɗa ni da wani tsohon gardi mai tsaron biro, mutumin Kelle.

A bayan kowane fiffike akwai falle da ake saukewa don rage gudu in za a sauka. Da hannu matuƙin ke murɗa shi daga ciki, ya kuwa yi ƙara da ya gwada. Ina dawowa daga azahar na tarar gardin ya shafe mahaɗansa da man shanu, kamar yadda yake yi wa sirdin raƙumi. Rairayi har ya manne.

"Baba, me ka yi?"

"Mushe," in ji shi, haka suke kiran ɗan lakwal, "abin da ke kuka ai mai yake so. Wannan ma sai an je lakwal?"

Na goge da bakin rigata, ina tsoron ko ciki nake ƙara tura rairayin. In na faɗa, bulala ce a bayan dattijo. In na yi shiru, mutum biyu za su nemi ƙasa a Damagaram da abin da wataƙila ba zai buɗe ba.

Sai da aka iso da lokotoro a kan gado na iya buɗe baki. Na ce wa matuƙin ni na shafa man. Ya zage ni, ya hau, ya murɗa, rabin hanya fallen ya tsaya cak. Na ji an ce yanzu lantarki ke wannan aiki, dannawa kawai ake yi. Mai yiwuwa ya fi, ban san aikin ba. Abin da na gani shi ne hannun mutumin nan ya ji rairayin kafin idonsa ya gan shi.

Da isansi, wato fetur, aka wanke, majinyaci na kwance a inuwar fiffike yana rawar sanyi. Sun sauka lafiya, in ji waya.

Kwamanda ya hore ni, ya tura ni garin Gidigir wata uku. Gardin ya raka ni har bakin gari, duk hanya yana mitar man da aka zubar a banza.