Kabarin Hajo a Gonar Riɗi

Jatau mutumin ƙauyen Simsim ne, a yankin Gadarif, jikan mahajjatan da suka taso da ƙafa daga ƙasar Katsina, suka iso Gadarif, ƙafa ta gaji, suka zauna. Abu ɗaya aka san shi da shi: ba ya kutse. Ko rumfar mai shayi ce sai ya tsaya ya yi sallama, in ba a amsa ba ya juya. Yara kan yi shiru da gangan don su ga abin da zai yi, shi kuwa sai ya kama hanyarsa. Kai, mutumin nan har haushi yake ba ka.

Matarsa Hajo ta rasu tsakiyar damina. Laka ta hana a kai ta maƙabarta, aka binne ta a bayan gonarsu, gindin wata aduwa. Kowace kaka yakan je ya gyara duwatsun kabarin, ya jera ƙaya saboda kuraye.

Sai aka raba dajin ga masu mashru, wato manyan gonakin tarakta. Gonarsa da aduwar suka faɗa rabon wani attajiri mazaunin Khartum. Jatau ya je bakin iyaka ya yi sallama. Wa zai amsa? Fili ne fetal, ba ƙofa ba maigida. Ya nemi wakilin gonar, aka ce ya tafi Basunda. Ya sake dawowa, aka ce yana gari. Maƙwabcinsa Haladu ya yi ta fama da shi: kowa ratsawa yake yi, har raƙuman makiyaya, ya shiga kawai ya kafa alama tun ba a fara huɗa ba. Jatau ya ce gonar yanzu ta mutane ce.

Ran da ya sami wakilin ya faɗa masa zancen kabarin, mutumin ya riƙe baki. "Haba Baba, ai da shiga ka yi ka nuna mana. Wa zai hana ka?"

An riga an tumɓuke itatuwa, garma ta bi ta kan komai.

Da kaka Jatau ya bi 'yan ƙwadagon yankan riɗi, don ya shiga da izini. Baƙar ƙasa ce shimfiɗe, ko'ina iri ɗaya, ba dutse ba kututture. Bai yi kuka ba. Bai ma ji komai ba, kuma wannan ya fi ba shi tsoro. Ya yanki layinsa, ya ɗaure dami kamar kowa. Da aka tashi aiki, Haladu ya tambaye shi ko ya gane wurin.

"Na dai taka ko'ina," in ji Jatau.