Takardar da Hadiza ta liƙa a cikin kwamfuta

Jiya a Funtua, mai gyara ya buɗe kwamfutar tebur ta 'yata Hadiza, Allah ya jiƙanta, ya girgiza kai.

"Baba, ta tsufa. Bari in goge komai in sake mata lodi."

Na ce, "Ko harafi ɗaya ba za a goge ba. RAM kaɗai za ka ƙara mata, don ta yi sauri."

A cikinta akwai muryoyin tsofaffin manoman Gozaki da Hadiza ta naɗa, suna bayanin irin dawar da suka gada. Binciken digirinta ne, kuma na ƙudura ƙarasa shi, amma ina kunna murya sai na'urar ta sandare.

Ya leƙa ciki don ya ga wane irin RAM za ta ɗauka, sai ya kira ni. 'Yar takarda ce liƙe a ciki, da rubutun hannunta: "DDR3. Bayan girbi, in Allah ya yarda."

Ya ce, "Ai ta riga ta faɗa mana, Baba."

Ya saka. Yau na saurari hira uku ba tsayawa, har da dariyarta.

Duk wanda ya san tsofaffin sunayen dawa a yankinmu, ya rubuto mini a ƙasa. Na fara aikin.