Mai Gogen da Na Tsinta a Gindin Akwati

Akwatin ƙarfe na je saye kasuwar Assihar ta nan Tamanrasset, na dawo gida da uba. Haka maigidana yake faɗa har yau idan yana son ya ba baƙi dariya, ni kuwa sai in ci gaba da zuba shayi, don ba ƙarya ya yi mini ba.

Tsohon akwati ne, na saye shi don in riƙa ajiye barguna idan sanyi ya wuce. Da na ɗaga takardar da aka shimfiɗa a gindinsa zan kankare tsatsa, sai ga hoto ya manne a ƙasa. Baƙi da fari ne, ya koɗe, ruwa ya ci gefe ɗaya. Na juya bayansa, don tun da na shiga yaƙi da jahilci ba na barin takarda ban juya ta ba. Babu ko baƙi ɗaya. A gaba kuwa wani tsoho ne zaune a ƙasa, kai a naɗe da baƙin ƙyalle, kafaɗu cikin babban zane, goge a kan cinya. Ya karkata kai wajen kafaɗar hagu, ya lumshe ido.

Zama na yi a tsakar gida da tsumman a hannuna.

Mahaifina mai goge ne a wani ƙauye kusa da Maradi. Ya rasu ban isa ɗaukar tulu ba. Dangin innarmu ba su son a ambaci sana'arsa, gogen ma ban san inda aka kai shi ba, hoto kuwa ba a taɓa yi masa ba. Ina tuna ƙanshin ƙaron da yake goga wa izgar gogen, ina tuna kaushin ƙafarsa da yadda yake karkata kai idan yana kiɗa, amma fuskar ta ɓace mini tun da daɗewa. Duk sa'ad da ɗiyata ta ce, "Inna, kakanmu da wa yake kama?" sai in ce, "Da mutumin kirki," in aike ta sayen burodi.

A nan zaune na yi lissafina, kuma a lokacin na ga kamar ko alƙali ba zai fi ni ba. Goge sana'ar maza ce, to wannan namiji ne. Mazan Buzaye ba su barin baki a buɗe, wannan kuwa fuskarsa a fili take, to Bahaushe ne. Bahaushe, tsoho, mai goge, mai karkata kai. Me ya rage?

Da maigida ya dawo daga shago na miƙa masa. Ya kai shi kusa da ido, ya nisanta shi, ya ce, "To, uwar gida, ina gemun?"

Na ce, "Ya aske."

"Mutumin da kika ce ko Dakoro bai taɓa wucewa ba, me ya kawo shi Tamanrasset?"

"Shi bai zo ba, Malam, akwatin ne ya zo. Kayan Assihar rabinsu ba daga Nijar suke ba?"

Ya dube ni, ya ga idona ya kawo ruwa, sai ya ce Allah Ya jiƙan na ƙasa, ya nemi abincinsa.

Ɗiyata ta ɗauki hoton da wayarta ta aika wa yayata a Maradi. Kafin la'asar saƙon murya ya iso, rabinsa kuka. "Shi ne, ƙanwata, wallahi shi ne! Ga hancin nan!" Wannan ya rufe bakin kowa. Na shiga taksi na kai wa mai gilashi, ya yi masa gida na katako, na rataye shi a ɗaki sama da gado. Ɗiyata ta kai labari lekkol, makarantarsu. Matan unguwa suka riƙa shigowa gani, ni kuma, da aka san ni da ƙarancin magana, bakina ya buɗe. Na ba da labarin bukukuwan da ya yi wa kiɗa, waɗanda na ji da waɗanda nake jin ya kamata a ce an yi. Wata ta ce goshinmu ɗaya. Na yi godiya kamar ni na ƙera goshin.

Maƙwabciyata Buzuwa ce ta wajen Agadez, Hausa a bakinta kamar ta haihuwa. Duk wannan hidima ba ta nan, ta tafi Abalessa wajen danginta lokacin cire dabino. Ranar da ta dawo ta shigo mini da rabona a ƙwarya. Na ja ta ɗaki, ina jira ta ga goshin da kanta.

Ta ɗaga kai, ta dafa ƙirji. "Allah sarki, tsohuwa! Ina kika samo ta?"

Na ce, "Wace tsohuwa?"

"Wannan mai imzad ɗin, gogenmu na Buzaye."

"Babana ne, ƙawa. Gogensa ke nan."

Ta ajiye ƙwaryar a hankali, don kada ta zubar. Ta yi ƙoƙari, ban hana ta wannan ba, ta cusa bakin mayafi a baki, amma kafaɗunta suka tona ta. Da ta samu numfashi ta ce, "Ƴar Maradi, shekara nawa kike garin nan? Imzad a wurinmu na mata ne, namiji ba ya taɓa shi, sai dai ya zauna gefe ya yi waƙa. Fuska a buɗe kika gani? To ai don mace ce! Dubi zanen da ke jikin fatar gogen, irin namu ne. Dubi kunnenta."

Abin da na ɗauka tabon ruwa ne a gefen wuya, ashe ɗan kunne ne, babba kuwa.

Na sauke hoton tun kafin ta fita, na mayar da shi akwati ƙarƙashin barguna. Da aka sanar da yayata sai ta aiko cewa ita dama ta ga hancin bai kai ba, ta yi shiru ne don kada ta ɓata mini rai. Maigida kuwa sai ya shiga tari duk lokacin da muka haɗa ido.

Dariyar unguwa ba ta dame ni sosai ba. Ɗiyata ce ta dame ni. Ta zo ta zauna kusa da ni ina tsince shinkafa, ta ce, "Inna, to shi da wa yake kama?"

Burodi akwai a gida, babu inda zan aike ta. Na ce, "Ban sani ba, ɗiyata. Abin da na sani, haka yake yi." Na ajiye faifan, na karkata kai wajen kafaɗar hagu, na lumshe ido yadda tsohuwar ta yi. Ina cikin haka sai na ji ɗan yatsana yana so ya bi wani abu. Kumatun tsohuwar sumul suke. Na babana kuwa akwai zane, tsagen Gobirawa, daga gefen baki ya tafi wajen kunne, ina zama a cinyarsa in riƙa bin su da yatsa har ya kama yatsan da leɓe. Mu ba a yi mana ba, dangin inna suka hana. Na yi ta kallon fuska marar tsage ina kiranta uba, ban tuna ba sai da aka ƙwace mini ita.

Na kamo fuskar ɗiyata na zana mata da yatsa inda suke bi. Ta ce yana yi mata cakulkuli, amma ba ta janye ba. Idanunsa da goshinsa har yanzu ba su dawo mini ba. Kumatun dai na samu.

Washegari na fito da hoton na mayar da shi kan ƙusarsa, don gilashin ma bai yi laifin komi ba. Baƙuwa idan ta tambaya wace ce, nakan ce abokiyar sana'ar babana ce. Maigida kuwa, idan zai fita shago, yakan tsaya a gabanta ya ɗan rusuna ya ce, "Surukina, an tashi lafiya?"