Tukunyar Kura

A gidanmu na Cadawa, in an tone gujiya, kakarmu Tasalla kan zauna gindin murhu tana gasa mana ita a toka, mu kuwa mu kewaye ta. Ba ta fara tatsuniya sai ta ga kowa ya bar taunar tsiya. Akwai guda da na tsana tun ina yaro, don duk daren da ta ba da ita sai tuwo ya fita raina.

Wai kura ce ta dafa guba a tukunya don ta kashe karnukan makiyaya. Da ta gama, rowa ta hana ta fasa tukunyar. Ta cuɗe ta da toka har ta yi ƙyalli, ta sayar wa akuya, tana rantsuwar ta wanku. Akuya ta yi fate a ciki. Ɗan kura ya biyo wucewa, kwaɗayi ya ja shi, ya lashe, ya faɗi nan take. Sai kaka ta nuna mu da muciya. "Ku ji ni, ɗiyan ga. Tukunya ba ta mance abin da ta dahwa."

Yau aikina auna ruwa ne da haɗa magungunan tace shi. Bara ƙanwata Hadiza ta kira ni, ɗanta na ta amai da karkarwa, an kwantar da shi asibiti. Na auna rijiyarsu, lafiya lau. Sai na duba bidon, wato jarkar robar da take ajiye ruwan sha a ciki. Na maganin ƙwarin wake ne, an kankare tambarin, amma robar ta riga ta sha dafin. Warin maganin ya bugi hancina.

Na je wurin mai sayar da irin waɗannan jarkoki, dattijo ne da muke sallah sahu ɗaya. Ya ce ai da omo yake wankewa. Ya sa aka kawo mini ruwa mai sanyi daga randar ƙasa. Na tambaye shi ina bidon gidansa.

"Haba ɗana, ni da iyalina? Wanga ai na kasuwa ne."

Na ajiye kofin ban sha ba. Ɗan Hadiza ya tashi, amma hannunsa na rawa har yau. Ashe kaka ta yi wa kura adalci. Ita dai kurar ta yarda tukunyar ta wanku, dattijon kuwa ya san nasa bidon bai wanku ba.